Kafin a ɗaura wa inji turbo karon farko: sai an sauke shi, ko a bar shi a rufe?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya. Motata mai injin fetur ce, silinda huɗu, lita 1.8, giyar hannu, kwamfureshan ɗinta 10:1 kamar yadda littafin kamfani ya nuna, ƙarfin doki wajen 130. Ta ci kilomita kusan 190,000, amma ba ta hayaƙi, ba ta kuma shan baƙin mai yadda zai dame ni. Na samu ƙaramin turbo na hannu, irin TD04, tare da manifol ɗinsa na hayaƙi. Ni ba tsere zan yi ba. So nake in taka totur in ji ta amsa, kuma in ci gaba da hawanta kullum ba tare da ta zubar da ni a hanya ba. Shin dole ne in sauke injin in canza fistan da kwanrod, ko zan iya ɗaurawa a haka? Akwai wanda ya ce mini gasket mai kauri kawai zan sa, shi ke nan.

Ɗan Tsere:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sauke injin kawai ka huta. Fistan na ƙira, wato wanda aka buga ƙarfensa aka matse, ba na zubi ba, kwanrod ma na ƙira, ka sauko da kwamfureshan zuwa 8.5. Dubi abin da kamfanoni da kansu suke yi. Toyota ta yi injinta 2JZ iri biyu: marar turbo 10:1, mai turbo 8.5:1, har da 'yan bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan don sanyaya shi. Nissan ma haka, injinta SR20 mai turbo 8.5:1 ne. Waɗannan mutane ba don sha'awa suka yi hakan ba. Fistan na zubi ba ya haƙuri, rana ɗaya zai ɓare.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kafin ka sa sifana a kan ko da noti ɗaya, akwai tambayar da ba a amsa ba tukuna: injin nan lafiyarsa ƙalau? Rashin hayaƙi ba shaida ba ce. Inji yana iya ɗauke da ciwo shekara da shekaru yana tafiya da shi, don ba a taɓa matsa masa ba. Turbo kuwa duk inda rauni yake, can zai fara taɓawa.

Abu uku nake so ka auna.

Na farko kwamfureshan. Ka bar injin ya yi zafi, ka cire filogi duka huɗu, ka cire fiyus ɗin famfon fetur da wayar koyil, ka taka totur har ƙasa, sannan ka yi ta buga sitata har allurar agogon ta daina hawa. Ka rubuta na kowace silinda. Ba girman lambar ne ya fi damuna ba, don agogo da agogo suna bambanta. Abin da nake dubawa su zo kusa da juna, tazarar babba da ƙarama kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta yi ƙasa, ka ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin filogi ka sake aunawa. Ta hau, ringi ne. Ba ta motsa ba, ka zargi bawul ko gasket.

Na biyu gwajin yoyon iska, wanda ya fi na farko faɗin gaskiya. Za a kawo fistan can sama, bawul duka a rufe, a cusa iska ta ramin filogi, agogo ya nuna kashi nawa ke gudu. Ƙasa da kashi 10 lafiya lau, sama da 20 akwai magana. Sai ka sa kunne: idan iskar tana fita ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne, ta wajen totur, bawul ɗin shigar iska, ta bakin da ake zuba baƙin mai, ringi, idan kuma ka ga kumfa na tasowa a lagireto, gasket ne ko top, wato kan injin, ya tsage.

Na uku matsin baƙin mai, da agogo na gaske, ba fitilar gaban direba ba, don ita sai abu ya riga ya lalace take kamawa. Ka auna bayan man ya yi zafi sosai. Abin da muka saba bi shi ne wajen psi 10 ga kowane juyi 1,000, amma ka duba littafin injinka. Turbo daga wannan man zai sha, kuma sandarsa tana juyi sama da 100,000 a minti. Idan metal, wato bushin da karanshaf ke juyawa a kai, ya ci, matsi ya faɗi, kai da turbo sai haƙuri.

Ka kawo mana lambobin nan, sannan a yi maganar saukewa.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Baba. Zan yi in sha Allah.

Mai Saiti:
Ina goyon bayan Baba, kuma zan ƙara da ɓangaren da nake aiki a kai. Mafi yawan injinan da aka kawo mini a fashe bayan an sa musu turbo, ba ƙarfi ne ya yi musu yawa ba. Ko fetur ya gaza, ko taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ya yi gaba da yawa, ko duka biyun. Daga nan sai ƙwanƙwasa ta shigo: maimakon wuta ta ci cakuɗin iska da fetur a hankali daga filogi zuwa gefe, sai ragowar da ke gefe ta fashe da kanta lokaci ɗaya. Ƙararta kamar tsakuwa a cikin gwangwani, amma sau da yawa idan mota na gudu ba za ka ji ta ba sam. Ita ke karya 'yar katangar da ke tsakanin ringi da ringi a jikin fistan, ita ke ƙona gasket, ita ke daka metal.

Ɗan Tsere, fistan na ƙira ya fi jure wannan duka, ban musa ba. Amma jurewa ce kawai, ba magani ba. Idan saiti ya lalace, shi ma zai mutu, sai dai ya ɗan daɗe.

Mai tambaya, ga lissafin da za ka riƙe. Iskar da muke shaƙa matsinta wajen bar 1 ne, psi 14.7. Idan turbo ya ƙara rabin bar, wajen psi 7, a takarda ka ƙara rabin iskar da injin ke samu. A zahiri zafi da asara za su ci wani abu, don haka daga doki 130 ka sa ran 170 zuwa 180. Bari mu yi lissafin fetur da 200 don a samu rara. Injin turbo yana buƙatar wajen cc 6.3 na fetur a minti ga kowane doki, ka ga cc 1,260 ke nan. Raba huɗu, 315. Amma ba a son nozul ya wuce kashi 80 cikin 100 na lokacinsa a buɗe, don haka 315 a raba da 0.8, ya ba ka kusan 400. Nozul na cc 440 zai ishe ka har da canji. Wanda ke kan motarka yanzu da wuya ya kai nan.

Sai abin da mutane ke mantawa. Nozul yana fesawa ne cikin manifol na shigar iska, yanzu kuwa manifol ɗin akwai matsi a ciki yana tura fetur baya. Idan famfo na ba da bar 3, manifol na da rabin bar, saura 2.5 ke aiki, fetur ɗin da ke fita ya ragu da wajen kashi 9 cikin 100, daidai lokacin da injin ya fi buƙatarsa. Shi ya sa ake haɗa regileto da tiyon manifol, matsin fetur ya riƙa hawa kafaɗa da kafaɗa da na iska. Idan motarka irin wadda ba ta da layin mayar da fetur tanki ce, sai a gyara wannan a cikin kwamfuta ko a sauya tsarin. Famfon da ya ci kilomita 190,000 kuma ka canza shi tare da filta, kada ka tsaya ciniki da shi.

Ɗan Tsere:
Oga Mai Saiti, duk na ji, amma 10:1 fa. Da wane fetur?

Mai Saiti:
Da fetur mai oktan mafi girma da zai iya samu a kai a kai (oktan ita ce lambar da ke nuna juriyar fetur ga ƙwanƙwasa), kuma da shi za a yi saitin. Wannan sharaɗi ne. Idan an yi saiti da mai oktan 98 a ma'aunin RON, aka zo aka zuba 91, an ci amanar injin. Wanda bai da tabbacin samun mai kyau kullum, sai a yi masa saiti da mafi ƙasƙancin da zai riƙa sha, a janye taimin, a rage matsi, ya haƙura da 'yan dawakai. A psi 6 zuwa 7, da intakula mai sanyaya iskar da turbo ya matse, da kwamfutar da za a iya saitawa, 10:1 ba abin tsoro ba ne. Injinan da ka ambata an gina su ne don matsin da ya fi haka, kuma don su jure duk irin man da mai mota zai zuba tsawon shekaru.

Injiniya:
Salam. Wannan gardamar taku ta tsufa, tun farkon turbo a ƙananan motoci ake yin ta. Alfred Büchi, ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi rajistar fasahar tun 1905, amma sai 1962 ta shigo motocin hawa a Amurka, da Chevrolet Corvair da Oldsmobile Jetfire. Ita Jetfire kwamfureshan ɗinta 10.25:1 ne, matsin iska psi 5 kacal, kuma babu intakula, babu kwamfuta. Don hana ƙwanƙwasa sai aka yi mata tanki na daban da ke fesa ruwa haɗe da metanol. Masu motar suka riƙa barin tankin ya ƙafe, ƙorafi ya yi yawa, shekara biyu aka daina yin ta, da yawa ma daga baya aka cire musu turbo aka mayar da kafireto. Bayan nan kamfanoni suka koma saukar da kwamfureshan sosai. Saab ta fara da 7.2:1 a motocinta masu turbo. A 1982 ta kawo tsarin APC, sensa na sauraron ƙwanƙwasa, da zarar ya ji sai a rage matsi, wannan ya ba su damar hawa zuwa 8.5:1. Wato abin da ya canza ba ƙarfen fistan ba ne, iya sa ido a kan abin da ke faruwa cikin silinda ne.

Zan ƙara maganar zafi, don ina ganin mai tambaya bai ambaci intakula ba. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Idan waje na digiri 30, turbo ya ƙara rabin bar, iskar da za ta fito daga bakinsa tana kaiwa wajen digiri 80. Iska mai zafi ba ta da nauyi, ga shi tana jawo ƙwanƙwasa. Intakula mai kyau zai dawo da ita kusa da zafin waje. Amma ku lura, yawanci gaban lagireto ake kafa shi, ya tare masa iska, alhali injin yanzu zafin da yake fitarwa ya ƙaru. Don haka lagireto ya zama tsaf, fanka na aiki, murfi na riƙe matsi, tamostat sabo. Kada a cire tamostat da sunan maganin zafi. A toshe gefe da gefe tsakanin intakula da lagireto, iska ta bi ta ciki dole maimakon ta zagaye.

Game da kwanrod kuwa, abu biyu ke kashe shi. Ɗaya juyi: nauyin da ke fizgarsa yana ƙaruwa ne da ninkin juyin a kansa, daga 6,000 zuwa 7,000 ƙarin kashi 36 cikin 100 ne. Saboda haka kada ka ɗaga iyakar juyin injin. Ɗayan kuma ƙarfin murɗawa mai yawa a ƙaramin juyi. Ƙaramin turbo irin naka yana cika da wuri, idan ka taka shi har ƙasa a giya ta biyar injin na juyi 2,000, a nan kwanrod ke lanƙwashewa. Mai saiti nagari zai sassauta taimin a wannan wurin, kai kuma ka koyi sauko da giya kafin ka taka.

Sabon Hannu:
Jama'a na dawo da sakamako. Kwamfureshan: ta ɗaya 178, ta biyu 175, ta uku 150, ta huɗu 176. Na ɗiga mai a ta uku, da kyar ta kai 153. Gwajin yoyo: ukun suna tsakanin kashi 6 da 8, ta uku kashi 22, kuma iskar ta salansa take fita, har da hannu ana jin ta. Lagireto babu kumfa. Matsin mai da zafi: psi 18 a silo, psi 52 a juyi 3,000. Gaskiya hankalina ya ɗan tashi, don motar tafiya take yi sumul.

Ɗan Tsere:
To ka gani. Tunda dai buɗewa ta zama dole, a yi ta gaba ɗaya.

Tsohon Bakanike:
Kwantar da hankalinka, ɗana, wannan labari ne mai daɗi. Ƙasan injinka lafiya yake: ringi na riƙewa, matsin mai ya yi kyau. Ciwon yana sama, bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku ba ya zama daidai. Da ka ɗaura turbo a haka, da ƙonewa zai yi, domin bawul ta wurin zamansa yake sauke mafi yawan zafinsa zuwa top, wanda ba ya zama kuwa ba shi da inda zai kai zafin. Hayaƙin injin fetur mai turbo yana iya haura digiri 900. Kuma guntun bawul idan ya ɓalle, fuka-fukan turbo zai bi ta kai.

Kafin ka cire top, duba gibin bawul ɗin tukuna idan injinka irin wanda ake saitawa ne. Wani lokaci gibin ne ya rufe, bawul ya kasa komawa gida. Idan ba shi ba ne, a sauke top, a kai wa masu aikin inji su gyara mazaunin bawul duka, su duba gayid, su sa sabon sil, su auna ko fuskar top ta karkace. Idan za a share fuskar, a ɗebi mafi ƙanƙantar abin da zai yiwu, don duk abin da aka ɗebe kwamfureshan yake ƙarawa. Tunda an buɗe, bel ɗin taimin da tenshina da famfon ruwa duk su tafi. Ka kuma leƙa bangon silinda da fitila: idan kana ganin sauran zanen nan na giciye, babu karce daga sama zuwa ƙasa, farce ba ya maƙalewa a bakin sama, ka bar fistan ɗinka inda suke.

Maganar gasket mai kauri kuwa, ka mance da ita. Tsakanin gefen kan fistan da fuskar top akwai ɗan siririn gibi da kamfani ya auna da gangan, wajen milimita 1. Idan fistan ya iso sama, sai ya matse cakuɗin da ke wurin ya watso shi tsakiya da ƙarfi, wuta ta ci da sauri. Ka sa mai kauri, lambar kwamfureshan ta ragu a takarda, amma ka kashe wannan watsawar, ka bar wa ƙwanƙwasa wurin ɓuya. Sa gasket mai kaurin asali. Irin na ƙarfe mai falle-falle yana da kyau, amma yana son fuska mai santsi sosai ta sama da ta ƙasa, kai kuwa bulok ɗinka yana cikin mota ba za a share shi ba. Idan fuskarsa ba ta kai ba, na kamfani mai kyau ya fi maka. Kusoshin top kuma, yawancin na zamani irin masu miƙewa ne idan an ɗaure, ba a maimaita su. Sababbi, ko ka sa irin na kamfanin ARP, a ɗaure bisa tsari da ma'auni.

Ɗan Tsere:
Baba, da girmanka, amma gibin ringi fa? A nan gizo ke saƙa. Ringi idan ya yi zafi yana miƙewa, bakinsa biyu su haɗu, ya rasa wurin zuwa, sai ya ɓalle kan fistan. Inji marar turbo ana ba ringin sama wajen 0.004 na faɗin silinda, mai turbo wajen 0.0055. A silinda mai milimita 81, bambancin 0.32 da 0.45 ke nan. Ba zai san nasa ba sai ya zaro fistan.

Tsohon Bakanike:
Wannan magana taka gaskiya ce, yarona, kuma na ji daɗi da ka kawo ta. Da sabon inji ne, ko wanda aka yi wa ringi kwanan nan, ko da psi 12 zuwa 15 yake nema, da ni ma na ce a zaro a goge bakin ringin. Amma ringin da ya yi kilomita 190,000 ya ci, bangon ma ya ci, gibin ya riga ya buɗe da kansa. A psi 7, da fetur isasshe da zai sanyaya kan fistan, ni ina ganin barin sa ya fi alheri. Zaro fistan yana jawo sabon ringi, sabon ringi yana jawo gyaran bango, daga nan sai metal, kowane mataki kuma wuri ne da hannun da bai saba ba zai iya kuskure. Sannan fistan na ƙira, musamman na ƙarfen 2618, yana kumbura da zafi fiye da na zubi, dole a ba shi sarari, da safe ka ji yana kaɗawa har sai ya ɗumama, bango kuma yana saurin ci. Ga motar zuwa aiki kullum wannan ba riba ba ce.

Ɗan Tsere:
Na yarda a kan psi 7. Abin da na sani shi ne ba wanda ke tsayawa a 7.

Mai Saiti:
Shi ya sa zan ce kada ya sayi na'urar ƙara matsi ko kaɗan a wannan zagaye. Westiget, wato bawul ɗin da ke karkatar da hayaƙi don kada matsi ya wuce iyaka, sifirin ɗinsa ya zama na rabin bar, tiyo gajere kai tsaye daga bakin turbo zuwa gare shi, a ɗaure da kilif ta kowane gefe. Wannan ɗan tiyon idan ya zame, westiget ba zai buɗe ba, matsi zai yi ta hawa ba birki. Don haka a cikin kwamfuta a sa iyaka, da ya kai psi 9 ko 10 ta yanke fetur.

Kwamfutar kuma ita ce inda ba a tsumulmula. Ko a sake rubuta ta asali idan irin wadda ake iya buɗewa ce, ko a sa mai zaman kanta irin Megasquirt, Speeduino, Link ko Haltech. Sensan matsin manifol na asali yawanci bar 1 yake gani, daga nan ya makance, ana buƙatar na bar 2 ko 2.5. Sai sensan hayaƙi mai faɗin karatu da agogonsa a gaban direba, domin na asali abin da ya sani kawai ko cakuɗin iska da fetur ya haura 14.7:1 ko ya gaza. A tafiyar yau da kullum 14.7 ɗin ake so, amma cikin matsi 11.5 zuwa 12 muke nema. Ka ga 13 tana hawa kana kan totur, ɗage ƙafarka nan take. Filogi a sa mai sanyi da mataki ɗaya, a filogin kamfanin NGK lamba ta gaba ke nan, a Bosch kuwa lambar baya take komawa, a matse gibinsa zuwa milimita 0.7 don kada matsi ya hure wutar.

Mai Jan Ƙarfe:
Ku ba ni dama in yi maganar layin baƙin mai, don na ga an wuce ta, alhali turbo da yawa da ake cewa sun mutu suna hayaƙi lafiyarsu ƙalau, layin dawowar mai ne ba daidai ba. Abin da ke tare mai a cikin turbo ba sil na roba ba ne, 'yan ringi ne na ƙarfe irin na fistan. Ba a yi su don su tare tafkin mai ba. Mai yana shiga da matsi, amma fita da nauyinsa kawai yake yi, ga shi ya zama kumfa. Saboda haka bututun fita ya zama mai faɗi, milimita 16 a ciki ko fiye, ya gangara tun daga turbo har kwanon mai ba tare da ya kwanta ko ya yi ciki ba, kuma ya shiga kwanon a saman inda mai ke tsayawa. Cikin turbo ɗin a juya shi mashiga na sama mafita na ƙasa, kada karkatar ta wuce digiri 15. Kwanon kuma a cire shi a huda, a yi walda, a wanke tas. Hudawa yana jikin mota na nufin ɓarɓashin ƙarfe a cikin mai.

Layin shiga a ɗauko shi daga inda mai ya riga ya bi ta filta, da bututun da ke jure zafi, nesa da manifol na hayaƙi. TD04 mai bushin ne, yana son mai sosai, galibi ba a matse masa hanya sai idan matsin injin ya yi yawa ƙwarai. Masu boris su ne ake sa wa 'yar matsattsiyar kafa ta wajen milimita 1. Tunda na hannu ne, kama sandar ka girgiza: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fuka-fukan ba sa taɓa bango, amma motsi gaba da baya da kake ji a yatsa, a gyara shi kafin a ɗaura. Idan yana da ramukan ruwa, a haɗa su, kada a toshe.

Sai numfashin injin. Bawul ɗin PCV an yi shi ne manifol ya riƙa zuƙo tururin cikin inji. Yanzu manifol zai riƙa turawa, idan bawul ɗin ba ya rufewa da kyau, matsi zai shiga ƙasan inji, ya hana man turbo sauka, ya turo sil waje. Sabo za ka sa, ɗaya tiyon numfashin kuma a mayar da shi gaban turbo inda babu matsi, ta cikin gwangwanin tare mai. Haka tiyon da ke zuwa na'urar ƙara ƙarfin birki da na tururin tanki, kowanne a tabbatar bawul ɗinsa mai hanya ɗaya yana aiki.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri, wannan ban taɓa jin sa ba. Kuloci fa? Kuma ina son bawul ɗin nan mai ƙara idan an saki totur.

Mai Jan Ƙarfe:
Kuloci na asali da ya tsufa zai fara zamewa a giya ta huɗu da ta biyar. Sa wanda ya fi ƙarfin da kake nema da ɗan rara, amma mai cikakken faifai da sifirin, ba irin na tsere mai fizga ba. Birki kuma sabon fad, sabon mai, tayoyi masu kyau.

Mai Saiti:
Bawul ɗin yana da aiki, ba ƙara kawai ba: idan ka rufe totur, iskar da aka matse tana komawa ta bugi fuka-fukan turbo, shi ke ba ta hanya. Amma idan motarka da sensan da ke auna iska a bakin filta take aiki, kwamfuta ta riga ta ƙirga wannan iskar ta ba ta fetur. Ka zubar da ita waje, fetur ya yi yawa, mota ta riƙa mutuwa a mahaɗa. Irin wannan sai a mayar da iskar gaban turbo, bayan sensan. Idan ka koma kwamfutar da ke aiki da matsin manifol, sake ta waje ba matsala.

Shawarata kan jeri: gyara top, haɗa injin, ka hau shi a haka ba turbo, ka sake gwajin yoyo. Sannan sa kwamfuta da nozul da famfo, a saita shi yana marar turbo har ya riƙa tashi da safe lafiya, silo ya zauna. Turbo ya zo ƙarshe. Ta haka duk abin da ya ɓaci ka san daga ina ya fito.

Sabon Hannu:
Haka zan yi, Oga. Tambaya ta ƙarshe: ranar da aka ɗaura, me zan yi kafin in tayar?

Tsohon Bakanike:
Sabon baƙin mai na sintetik da sabuwar filta. Zuba mai ta mashigar turbo, ka juya sandar da yatsa. Cire fiyus ɗin fetur, ka bar bututun fitar mai a cire daga kwano, ka buga sitata har ka ga mai na zubowa ta nan, sannan ka ɗaure. Toshe bakin turbo ka cusa iska psi 10 cikin bututan, ka bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Ka tayar, ka bar shi a silo har fanka ta kama, kana duba ɗigon mai da na ruwa da duk waya ko tiyon da ke kusa da manifol, a naɗe su ko a sa musu garkuwar zafi. Daga nan zuwa wurin mai saiti kada allurar matsi ta haura sifili. Bayan an gama saiti ka cire filogi ka duba farin jikinsu da kyau, idan ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe ko masu ƙyalli, ƙwanƙwasa ce, a koma a janye taimin. Baƙin mai kuma ka rage tazarar canza shi, kuma duk ranar da ka matsa wa motar, ka sassauta tafiya kafin ka isa, ka bar ta minti ɗaya ko biyu a silo kafin ka kashe, don kada man da ya tsaya cikin turbo ya ƙone ya toshe hanya.

Idan an sauke top ɗin, ɗauko mana hoton bawul na silinda ta uku da bangon silindar mu gani.